Kaskon Hallbera

"Ajiye akwatin nan, Unnur!"

"Sakar min hannu, Torfi... don Allah sakar min."

Ƙarfe goma sha biyu na rana ne, amma fitilun gidan duk a kunne suke. Tun farkon Nuwamba dutsen da ke bayan gidan ya tare musu rana, kamar yadda yake yi tun zamanin kakan kakan Torfi, wanda ya kafa gidan a wannan lungu na teku da ke arewacin Iceland. Ba kuwa zai sake ta ba sai ƙarshen Fabrairu.

"Me na yi miki?" in ji Torfi.

"Ba ka yi min komai ba, shi ne abin da ya fi ci min rai! Da ka yi min laifi, da na san abin da nake wa kuka."

Torfi ya dubi matarsa. Wannan ce yarinyar da ya auro da bazara biyu da suka wuce, wadda dariyarta kan firgita tumakinsa. Yanzu takan yi barcin awa goma sha biyu ta tashi a gajiye. Ba ta sha'awar komai sai burodi da kayan zaƙi. Likita ya ce ciwon duhun hunturu ne, ya ba ta fitila mai tsananin haske da za ta riƙa zama a gabanta kowace safiya, ya haɗa ta da man hantar kifi. Ta bi dokarsa ba fashi. Sauƙin da ta samu bai kai ya tsayar da ita ba.

"Masoyiyata, saura mako biyar kacal."

"Kai kake ce masa kacal. Jiya na tsaya a bakin ruwa na daɗe ina kallonsa, Torfi, har na ji tsoron kaina." Muryarta ta karye. "Ranar Juma'a zan bi jirgi zuwa wurin yayata a birni. Ba na ce na daina son ka ba... amma ba zan iya sake wani hunturu a ƙarƙashin dutsen nan ba."

Torfi ya kasa zama, ya kasa tsayuwa. Ya shiga garke ya zuba wa tumaki ciyawa, ya fito, ya koma ya sake zuba musu bai sani ba. Daga ƙofar garken yana hango tsallaken ruwa, inda tsohon gidan marigayi kawunsa yake a rufe. Can rana takan dawo tun ashirin da biyar ga Janairu, wata guda kafin ta waiwayi nasu. Gidan kawun yanzu nasu ne, akwai garke, akwai makiyaya. Abu ɗaya ya rage: yardar mahaifiyarsa, Hallbera, wadda ba zai iya bari ita kaɗai ba.

Ya same ta a madafa tana saƙa.

"Mama, mu koma tsallake."

"Na ba ka amsa bara." Ba ta ɗago ba. "Mazaje huɗu suka riƙe gidan nan kafin kai, babu wanda ya gudu saboda mace ta yi hamma. Ubanka yana kwance a maƙabartar can, ina ganin kabarinsa ta taga. 'Yar birnin nan taka ta ci gaba da kallon fitilarta kamar kaza a akurki."

"Ba lalaci ba ne, ciwo ne!"

"Mu ma mun sha duhu. Wa ya mutu?"

Torfi ya ɗaga kai. A bango, bisa murhu, kaskon ƙarfen gidan na rataye, wanda Hallbera ta gada daga surukarta. Al'adar yankin ce, ranar da hasken rana ya fara taɓa tagar gida, a sauke kasko a toya fanke mai faɗi, siriri kamar takarda, a ci da gahawa. A wannan gida ba a taɓa sauke shi ba sai rana ta taɓa tasu tagar, ko da maƙwabta sun yi nasu tun da wata guda.

Kallon murhun ne ya tuno masa da wani abin da ya daɗe da binnewa.

"Mama... wa yake dafa mana abinci da hunturu ina ƙarami?"

Allurar saƙa ta tsaya.

Torfi ya ba kansa amsa. "Baba ne. Kifinsa kullum a ƙone. Shi ke taje miki gashi, ya ce mana, 'Ku yi shiru, mamanku kanta ke ciwo.' Ciwon kai na wata huɗu, Mama? Kowace shekara? Kuma ranar da aka sauke kaskon nan sai ya warke?"

"Fita min daga madafa."

"Mama..."

"Na ce ka fita!"

Kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Torfi kuwa yana kai-komo tsakanin mata biyu da kowacce ta rufe ƙofarta, barci ya ƙaurace masa, abinci ya daina shiga.

Ranar Juma'a, ashirin da biyar ga wata, Unnur ta ƙwanƙwasa ɗakin surukarta don sallama, ba a amsa ba. Tsohuwar motar ɗaukar ciyawa ma ba ta tsakar gida.

"Ko ganina ba ta son yi," in ji Unnur.

Torfi ya sa akwatin a motarsa. Hanyar filin jirgi tana zagaye lungun ruwan, ta bi ta tsallake. Suka yi tafiyar rabin awa cikin dusar ƙanƙara.

"Torfi, tsaya... hayaƙi ne nake gani a gidan kawunka?"

Hayaƙi ne kuwa, ga motar ciyawa an ajiye ta a karkace a ƙofa. Suka shiga da gudu. Ƙamshin man shanu ya tare su. Hallbera na tsaye gaban murhu da rigar sanyinta, kaskon ƙarfen na kan wuta, fanke ya taru a faranti.

"Mama! Ke kika tuƙo motar nan a kan ƙanƙara?"

"Na tuƙa ta tun kafin ka iya ɗaura takalmi. Rufe ƙofa, kana shigo min da sanyi." Ta juya ga Unnur, ta daɗe tana dubanta. "Zauna can bakin taga, 'yata. Saura kaɗan."

Unnur ta zauna. Ba a taɓa kiran ta da wannan suna a gidan ba.

"Hunturuna na biyu da aure," in ji Hallbera, idonta na kan kasko, "na roƙi uban Torfi mu dawo nan. Ya ce ba zai bar gidan ubansa ba. Mutumin kirki ne, ya yi min komai, wannan kaɗai ya hana ni. Ban ƙara roƙo ba. Shekara talatin da huɗu ina ce wa kaina ƙarfin hali ne. Da na ga kin buɗe baki kin faɗi abin da na haɗiye, sai na ji haushinki... ba ki da laifi."

"Hallbera..."

"Kada ki yi min kuka a kan fanke, gishirinsa ya isa."

Ɗaya saura kwata, gefen rana ya ɓullo ta wata tsaga a kan dutsen da ke bayan gidan da suka baro. Haske ya ratsa ruwa, ya hau taga, ya sauka a fuskar Unnur. Ta lumshe ido, hawaye na gangarowa.

"Ba zai warkar da ke yau ba," in ji Hallbera. "Fitilarki za ta biyo mu, likitanki ma ba za ki daina zuwa wurinsa ba. Amma wata guda ba ƙaramin abu ba ne. Ni na san nauyinsa."

"Kabarin Baba fa?" Torfi ya tambaya a hankali.

"Ana hango shi daga nan, na duba. Ya riƙe ni a inuwa shekara talatin da huɗu, sai ya yi haƙuri ya riƙa kallona daga nesa."

Torfi ya durƙusa gaban matarsa ya riƙe hannuwanta. "Zuciyata... jirgi zai tashi ƙarfe uku."

Unnur ba ta buɗe ido ba. "Shigo da akwatin. Kuma ka matso wa Mama kujera, hasken zai tafi."

Hallbera ta sauke kaskon, ta zauna kusa da surukarta, ta miƙa tsohuwar fuskarta cikin hasken. Minti tara ya yi kafin dutse ya sake haɗiye shi, babu wadda ta motsa a cikinsu. Sannan tsohuwar ta share idonta da bayan hannu, ta nuna bangon da ke bisa murhu.

"Torfi, nemo ƙusa ka kafa min a nan."