Ganyen Jalapa

A garin Estelí na ƙasar Nikaraguwa, an yi wata yarinya 'yar aji huɗu. Tana zaune da kakarta. Sana'ar Kaka naɗa taba da hannu, irin mai kaurin nan ta ganye zalla. Daga nesa ake zuwa saye.

Yarinyar tana taƙama da wannan. Ga ta kuma da baki.

Wata rana aka kawo sabon yaro ajinsu, sunansa Yader. Malama ta ce ya faɗi garinsu.

"Daga Jalapa muka zo," in ji shi a hankali. "Babana manomin taba ne."

Da aka fita cin abinci, yarinyar ta tare shi.

"Wai har ku ma manoman taba ne? Ganyenku ai ba shi da ƙarfi. Namu na Estelí shi ne ganye. Naku ko jaki aka bai wa, sai ya kau da kai!"

Yara suka kwashe da dariya. Yader ya rufe kwanon shinkafa da wakensa, bai ci ba. Washegari bai zo makaranta ba.

Ranar Asabar wata mota ta tsaya a ƙofar gidansu. Wani mutum ya fito riƙe da malafarsa. Yader yana biye da shi. Yarinyar ta hango su. Ta ruga bayan ƙofa ta laɓe.

"Don Eusebio, sannu da zuwa!" in ji Kaka. "Ina ganyen nawa?"

"Ban kawo ba, Doña Chepita. Ɗana ya ƙi makaranta. Ya ce jikarki ta ce ganyenmu ko jaki ba zai ci ba. Ni kuwa na ce, yaro ba ya faɗin abin da bai ji a gida ba."

Yarinyar ba ta taɓa ganin kakarta ta sunkuyar da kai a gaban wani ba, sai ranar.

"Fito nan," in ji Kaka. "Ke kika faɗa?"

"E, Kaka."

"A bakina kika ji?"

"A'a."

Kaka ta ɗauko ganye biyu ta shimfiɗa a kan teburin aiki.

"Sunsuna kawai. Hayaƙin taba ba na yara ba ne, manya ma ƙirjinsu yake wahalarwa."

Yarinyar ta sunsuna ɗaya daga ciki, baƙi mai kauri. Sai atishawa.

"Wannan namu ne," in ji Kaka. "Baƙar ƙasarmu ce ta ba shi ƙarfi. In na naɗa shi shi kaɗai, shaƙe mai sha zai yi. Taɓa ɗayan."

Ta taɓa. Laushi kamar siliki, ga ƙamshi mai daɗi.

"Daga jar ƙasar Jalapa ya fito, gonar Don Eusebio. Shi ke kwantar da zafin namu. Shi ne kuma rigar da nake naɗe komai a ciki. Wannan ne na ƙarshe da ya rage mini. In ba shi, sai in rufe ɗakin nan."

Yarinyar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Hawaye suka zubo mata.

"Ka yi haƙuri, Don Eusebio. Wallahi Kaka ba ta taɓa faɗa ba. Ni ce."

"Ba ni kika yi wa ba, 'yata."

Ta juya ga Yader. "Ka yafe mini."

"A gaban kowa kika faɗa," in ji shi.

Ranar Litinin Yader ya dawo makaranta. Yarinyar ta ɗaga hannu a aji. Ta miƙe.

"Malama, na yi wa Yader ƙarya. Ban san komai a kan ganyensu ba. Kakata ma ba ta iya aiki sai da shi."

Malama ta gyaɗa kai ta ce, "Kin kyauta. Zauna."

Da yamma motar ta dawo, cike da ɗaurin ganye. Kaka ta dafa kofi. Yader ya shigo tsakar gida yana dariya, ƙwallo a hammatarsa.

"Kin iya tsaron raga?"

"Gwada ni ka gani!"

Tun daga ranar ba ta ƙara raina garin kowa ba. Ta gane cewa kowane wuri da baiwar da Allah ya yi masa, kuma bai kamata mutum ya kushe abin da bai sani ba.