Hannun Nining da 'Yar Tsana Mai Gaɓoɓi

Ana ruwa a garin Bogor kamar kullum ranar da Nining ta shiga shagon kayan ɗinki na Yayat. Ta buɗe jaka ta ɗora masa wani ɗan mitsitsin hannu a kan kanta, har da farata.

"Kang, igiyar roba nake so, wadda za ta ratsa ramin nan," ta ce, tana kiransa Kang, wato yaya.

Ya ɗan ja da baya. "Neng," ya ce, wato 'yan mata, "ina mai hannun?"

"Tana gida, gunduwa ashirin da uku."

'Yan tsana take yi. Ta zana kowace gaɓa a kwamfuta, firinta ta fitar mata da ita daga ruwan danƙo, ta wanke da sipirit, ta shanya a rana ta sandare, sannan ta zura roba ta haɗa. Da hannu tsirara take aikin, wai safar hannu tana hana ta jin ko gwiwa ta zauna daidai.

Robar mita biyu sai da Yayat ya kai mata ita gida da kansa, sau huɗu.

"Ƙwayar idona, kin ci abinci? Ko yau ma gwiwoyi kika ci?" yakan rubuto.

Sai damina ta yi nauyi, sati uku babu rana. Gaɓoɓin suka ƙi bushewa, Nining ta ci gaba da haɗa su da danshinsu. Yatsunta suka kumbura, suka tsage, suna fitar da ruwa.

A haka Yayat ya kai ta gaida mahaifiyarsa, Ema Kokom. Nining ta sunkuya za ta ɗora hannun tsohuwar a goshinta kamar yadda ake yi. Ema ta janye hannunta ta cusa cikin zane.

"Mai ƙera fuska ba rai, aljanu take ginawa ɗaki. Ga shi sun fara cin ta. Yayat, ga Lilis 'yar kawunka, hannunta lafiya lau."

Unguwa duk ta yarda. An fi son labarin aljani, don shi ba ya sa kowa karanta gargaɗin da ke jikin kwalbar danƙo.

Kwana tara Yayat yana turo saƙo, shiru. Na ƙarshe ya ce: "In kin fasa ne, ki faɗa mini da bakinki. Ba zan auri Lilis ba ko kin fasa."

Nining ta karanta duka, yatsun ne ba sa iya rubuta amsa. Da ya gaji ya zo, ya tarar an naɗe mata hannu biyu da bandeji.

"Likita ya ce jikina ya ƙi danƙon, Kang. Ba zan sake taɓa shi ba har in mutu." Ta kalli firintar da ta lulluɓe. "Shekara shida ina wannan aiki."

Ya zauna ya ba ta shinkafa a baki.

Da Ema ta ji yarinya ta daina, ta ce ta tuba, ta amince da aure. Nining ta so ta je ta gyara mata zance.

"Wace tuba? An ƙwace mini ne."

"Na faɗa mata sau biyu, Neng. Ta ce likita bai san aljani ba."

Aka ɗaura aure, aka watsa musu shinkafa da alewa, Ema ta sa albarka har da hawaye.

Bayan sati biyu Yayat ya sa safar hannu biyu-biyu, ya buɗe taga, ya zauna gaban gaɓoɓin da ta zana. Nining ta tsaya a bakin ƙofa, inda warin ba ya kai mata.

"Wannan ƙafar hagu ce, Kang. Kai kuma ka sa ta a dama."

"Iri ɗaya ne ai."

"Ba iri ɗaya ba ne. Kwance."

Ya kwance, ya sake. 'Yar tsanar ta tsaya a karkace, amma ta tsaya. Nining ta daɗe tana kallonta daga nesa, ta goge ido da gwiwar hannu.

"Gobe za ka fi haka."

Allah ya bar su tare, ya ba Yayat haƙurin kwancewa.