Ruwan Zafi a Gindin Marke

Ku matso kusa, ba zan ɗaga murya ba. Wanda ya san zai kasa fita tsakar gida shi kaɗai in na gama, ya tashi tun yanzu.

Kun san Kawu Haladu tela, na Unguwar Ɗorawa. Mutumin kirki ne, sai dai karambani. In aka yi abu sau ɗaya a gabansa, to a wajensa ya iya ke nan. Yana da wata tsohuwar mota. Ran wata Alhamis ya ce fulogoginta sun gaji, shi zai canja da kansa. Bakanike wayar fulogi ɗaya yake cirewa, ya mayar, sannan ya taɓa ta biyu. Haladu kuwa ya fizge huɗun gaba ɗaya. Da ya zo mayarwa ya rasa wacce ce ta ina, ya cusa su yadda ransa ya ba shi. Motar ta tashi, amma tana karkarwa kamar mai zazzaɓi, salansa na harbi. Ya ce za ta ware.

Washegari naƙuda ta kama matarsa Barira. Tun asuba ake abu ɗaya har rana ta take. Ungozoma ta fito ta ce jini ya ɓalle, abin ya fi ƙarfinta, a tafi asibiti. Juma'a ce, maza duk sun wuce masallaci a garin gaba, ba wata mota a ƙauyen. Aka kwantar da Barira a baya, kanta bisa cinyar Gwaggo Tabawa, yayar mahaifinsa.

Suka shiga daji da tsakar rana. Ya taka totur, motar ta ƙi ja. Ta yi tari, ta yi tari, allurar zafi ta haye. A gindin wani marke ta mutu.

Haladu ya buɗe bonet. Ya sauya waya biyu, ya murza makulli. Ba ta tashi ba. Ya sake sauyawa. Ya kwance fulogi ya goge da bakin rigarsa, ya hura tiyon mai har fetur ya shiga bakinsa. Yana yi yana kuka, don ya san ba kowa ya jawo wannan ba sai shi.

"Haladu," in ji Gwaggo daga ciki, "ta daina amsa mini."

Nan hankalinsa ya tashi gaba ɗaya. Ya ga lagireto na tafasa, ya ce bari ya zubar da ruwan ya zuba mai sanyi daga jarka. Ya fizge tiyon ƙasa. Tafasasshen ruwa ya kwarara cikin saiwoyin marken nan. Ko ƙaraminku ya san ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa sai da bisimilla. Shi ma ya sani. Tashin hankali ne ya ɗauke masa ita daga baki.

Wani ɗan siririn kuka ya fito daga ƙasa. Sau ɗaya. Tsuntsaye suka yi tsit.

Da ya ɗago kai, ga wani tsoho tsaye a gefen motar, gajere, da tsohon rawani. Bai ji takunsa ba. Bakin tsohon ya motsa a gabansa, amma muryar ta bayan kunnensa ta fito.

"Wa ya zubar da ruwan nan?"

"Ni ne, Baba."

"Ka ambaci Allah?"

Haladu ya sunkuyar da kai. A nan ya ga ƙafafun. Dugadugai ne ke kallonsa, yatsun suna baya.

"Da ka ambata, da mun ji mun kauce," in ji tsohon. "Jikata ce ke barci a nan."

Haladu ya durƙusa cikin jiƙaƙƙiyar ƙasar. Bai ko yi tunanin gudu ba, ina zai gudu ya bar Barira?

"Baba, na yi laifi. In fansa ce, ga ni. Amma matata ce ke mutuwa a motar nan, ita ba ta zubar da komai ba. Bar ni in kai ta, in dawo ka yi yadda ka so da ni."

Tsohon ya leƙa bayan motar, ya daɗe yana kallo. Gwaggo ta rufe fuska da mayafi tana karanta duk abin da ya zo bakinta. Sannan ya ce mai maganinsu yana tsohuwar rijiya, gaba da gada, kuma yarinyar ba ta goyuwa, bayanta ya saɓule. Wanda ya ƙona, shi zai ɗauka. Haladu ya ce motar ai ta mutu. Tsohon ya zura hannu cikin injin da ke huci, ya ɗan taɓa, ya rufe bonet.

"Buɗe wa jikata ƙofar gaba. Kada ka dubi kujerar. Kada ka wuce rijiyar."

Ya buɗe ƙofa. Kujerar ta lotsa kaɗan. Ya zagaya ya murza makulli, motar ta tashi ba tari ba karkarwa, kusan ba a jin ƙararta. Ya zuba ido a hanya. A gefensa ana numfashi ƙasa-ƙasa, ana jan majina irin ta yaron da ya gaji da kuka. Duk ramin da ya faɗa, sai ya ji an ce wash. Ya riƙa kauce wa ramukan.

Suna haye gada Gwaggo ta fashe da kuka. Ta ce hannun Barira ya yi sanyi, ta haɗa shi da Allah kada ya tsaya. Ga rijiyar can tana matsowa, ga hanya miƙe ba kowa. Ƙafarsa ta ƙi barin totur. Ya faɗa mini da bakinsa, a duk rayuwarsa bai taɓa yin abu mai wuya irin taka birkin nan ba.

Ya taka. Ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar, fuskarsa na kallon wani gefen. Shiru. Gwaggo na dukan kafaɗarsa. Can kujerar ta ɗago a hankali, muryar nan ta bayan kunne ta ce, "Je ka. Ba sai ka dawo ba."

Bai san yadda suka isa ba. Ya dai ga ƙofar asibiti, aka ɗauke Barira da gudu. Bayan la'asar aka fito aka ce masa ta rayu, 'yar da ta haifa ma ta rayu, da sun ƙara jinkiri kaɗan da wani labarin ake yi. Ya zauna a ƙasa ya yi kuka son ransa.

Washegari da safe motar ta ƙi tashi, ya kira bakanike. Mutumin ya buɗe bonet, ya tsaya, ya tambaye shi wa ya jawo masa ita har nan. Wayoyin fulogi huɗun nan suna naɗe tsaf a kan batir, ko ɗaya ba a jone ba. Lagireto kuwa ba ɗigon ruwa.

To, in kun bi hanyar Unguwar Ɗorawa, kada ku bi ku kaɗai da tsakar rana, kada kuma ku huta a gindin marken nan. Kawu Haladu har yau ko ragowar shayi zai zubar, sai ya yi bisimilla, ya ɗan dakata, ya ba masu barci lokaci su tashi.