Mai Buɗe Saƙo

Wata Laraba Sakina ta shigo tashar Ƙonni da ƙunshi a hannu, za ta aika wa gwaggonta a Sakkwato. Aka nuna mata motar Muttaƙa. Ya amsa gaisuwarta, ya karɓi ƙunshin, sai kawai ya hau kwancewa.

"Malam, mi kake yi haka? Saƙon mutane ne."

"Ki yi haƙuri, malama. Abin da ban gani ba, ba ya shiga motata."

Ya ɗebi koren garin ya shinshina. Lalle ne. Ya ɗago zai ba ta haƙuri, idonsu ya haɗu, maganar ta ɓace masa. Ita kuwa ta harare shi ta ce, "Sannu, ɗan duwan." Ɗan kwastan take nufi, sunan kuwa ya bi shi ke nan.

Lambar da ta rubuta a jikin ƙunshin ita ta zama sanadi. Da yamma saƙo ya shigo wayarta: "Mai lalle, saƙonki ya isa lafiya. Amma ƙamshinsa ya ƙi barin motata."

Ta daɗe tana murmushi kafin ta amsa: "Ɗan duwan, sai ka kama ƙamshin ka kai shi buro, ofishinku."

Watanni huɗu suna haka. A cikinsu ne ya gaya mata dalilin halinsa. Yayansa Halilu, direba ne shi ma, ya karɓi saƙo a rufe don kunyar mai shi. A iyaka aka tarar da tabar wiwi a ciki, kuma shekara uku ke nan yana ɗaure. Sakina ta ji tausayinsa ya kama ta, tausayin kuma ya ƙara wa son ƙarfi.

Sai dai mahaifinta, Mamman Sani, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, wanda ake yi wa laƙabin girmamawa na Faransanci, Mushe, ya ce atafau.

"Mutumin da ke buɗe amanar mutane a bainar jama'a? Kuma wansa na kaso? Ba ni ba shi ɗiyata."

Shi Badamasi yake so, ɗan kasuwa mai ladabi, wanda ke durƙusawa tun daga ƙofar gida. Wayyo, durƙuso bai taɓa yi wa kowa wahala ba.

Sakina ta roƙi Muttaƙa a waya: "Nawan, ka bar buɗe saƙon nan ko na wata guda, Baba ya huce."

Amsarsa ta zo: "Mai lalle, komai zan bari saboda ke, ban da wannan." Ta ji zafi ƙwarai, ta yi kwana tara ba ta ɗauki kiransa ba.

Ana haka likita ya tura Mushe Sakkwato duba ido. Badamasi ya kawo masa kwali ɗaure da igiya, wai zogale ne da magani, a kai wa innarsa a can. Da safe Sakina ta raka mahaifinta tasha, sai ga shi motar Muttaƙa ce a kan layi.

Muttaƙa ya durƙusa ya gaishe shi, ya karɓi jaka, sannan ya dubi kwalin. Sakina ta girgiza masa kai, idonta cike da roƙo. Ya gane sarai. In ya taɓa igiyar nan, auren ya tafi.

"Baba, ku gafarce ni. Sai na buɗe."

"Ni za ka tozarta? Da furfurata?"

"Ku zage ni a nan, Baba, ya fi mini in gan ku a hannun duwan."

Ya yanke igiyar. Zogale a sama, tafi biyu. Ƙarƙashinsa kuwa ƙulle-ƙullen wiwi ne cikin baƙar leda.

Mushe ya zauna a kan benci ba shiri. Ya kira Badamasi, ya buɗe muryar wayar, ya tambaye shi.

"Haba Baba, magani ne. Ƙasashen Turawa da yawa sun halatta shi."

Muttaƙa ya matso ya ce, "Ko can da sunka halatta, ba a ƙetare iyaka da shi. Nan kuwa wanda anka kama da shi a hannu, shi doka ta sani. In halal ne, mi ya hana ka ɗauka da kanka?"

Wayar ta mutu. Shugaban tasha ya kira jandarma, fasinjoji suka shaida yadda aka yi, aka tafi neman Badamasi. Da za su rabu, Mushe ya riƙe hannun direban.

"Wan naka, haka anka yi mishi?"

"Haka ne, Baba. Babu wanda ya buɗe mishi."

Tsohon ya share idonsa, ya ce, "Ka turo magabatanka."

Bayan girbin hatsi aka ɗaura aure. Da aka kai amarya lulluɓe, ƙawaye suka watse, Muttaƙa ya tsaya daga nesa yana ta kame-kame. Sakina ta miƙo hannu daga cikin mayafi, lalle ya kama jawur.

"Ɗan duwan, Baba ya ce in hwaɗa maka, amana ce ya aiko. Ya ce ya yarda ka buɗe."

Ya ɗaga mayafin a hankali, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Na karɓa, mai lalle. Wannan ba ni kai ta ko'ina."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya kuma dawo da Halilu gida.