Maɓallan Kwat Ɗin Hozumi

Da hantsi Uwargida Asahina ta buɗe shagon shayinta a garin Otaru, ta tarar da akwatin gilashin da ke jikin bango kusan wayam. Kwat ɗin Hozumi ya yi ɓatan dabo.

A shagon nan aka ɗauki rabin shirin Biyu Bakin Teku. Wa ya tashi a ƙasar nan bai san Hozumi da Tsuruoka ba, 'yan sandan talabijin masu zagin juna kullum, waɗanda ba sa jin maganar manyansu? A makon nan ɗan wasan da kowa ke kira Hozumi ya rasu, bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Tun gawa ba ta yi sanyi ba, kamfanin talabijin ya aiko cewa kwat ɗin nasa ne, zai kai shi Tokyo a yi tallar sabon shiri da wasu yara. Rashin ta-ido ke nan.

Aka turo Sufeto Kuramochi Mieko, wadda saboda shirin nan ta shiga aikin ɗan sanda, ubanta na fushi ta yi kunnen uwar shegu. Ba a fasa gilashi ba, ba a ɓalle ƙofa ba. Amma a cikin akwatin an jera maɓallan ƙarfe da kan bel, an yanke su tsaf da almakashi.

Ta fara da Kariya, mai tara kayan tsofaffin shirye-shirye, wanda ya daɗe yana nacin a sayar masa. Da ta zube maɓallan a gabansa, sai da idonsa ya kawo ruwa.

"Wane mahaukaci ne ya yi wannan? Ai ya kashe kwat ɗin!"

Ta sallame shi. Mai neman kaya don ajiya ba ya lalata su.

Asahina kuwa ba ta ɓoye ƙiyayyarta ga kamfanin ba, ta ce da ita ce, a gabansu za ta saka shi ta zauna. Yatsunta ma sanyin ƙashi ya murɗe su, ba sa riƙe almakashi. Da Sufeto ta matsa, ta amsa cewa akwai wani mabuɗin shagon da na akwatin a hannun Tsuruoka tun zamanin ɗaukar shiri.

Nan Mieko ta gane. Wuri ɗaya ta sani da ake hana shiga da ƙarfe a jikin tufa.

A gidan ƙona gawa ta sami Tsuruoka, tsoho tukuf, shi kaɗai a kan benci. An riga an rufe murhu.

"Baba, kun yanke maɓallan ne saboda ba a sa ƙarfe a akwatin gawa."

"Kin makara, 'yata. Kwat ɗin yana jikin Hozumi."

"Kun san sata ce."

"Na sani sarai. Shi ya yi gumi a cikinsa, shi ya karya ƙafa a cikinsa. Ranar da ya kwanta ciwo ko waya ba su buga ba. In suna so, su zo su kwashi toka. Ba zan ba kowa haƙuri ba, ki rubuta haka."

Ta ce za ta rubuta, kuma tare za su tafi ofis. Ya ce ya ji, ba gudu zai yi ba.

Can ma'aikaci ya turo tiren ƙasusuwan, ya miƙo sandunan tsinta, sannan ya tsaya yana kallon ɗakin da ba kowa. A al'adar ƙasar, ƙashin mamaci mutum biyu ke ɗaukarsa tare. Nan duk taurin kan tsohon ya zube.

"Da wa zan ɗauka?"

Wayar Mieko na ruri a aljihu, shugabanta ne na wurin aiki. Ta kashe ta, ta cire hularta, ta karɓi ɗayan sandunan.

"Ku riƙe ta can, Baba," ta ce. "Na riƙe ta nan."