Fijon Alhaji Yahya

Ranar da Uwaisu ya fara ganin Aina'u, a kwance yake a ƙasa, rabin jikinsa a ƙarƙashin mota.

Tsohuwar Fijo ce, 504, wadda marigayi mahaifinsa ya bari. Watansa biyu da dawowa daga Indiya, inda ya karanci aikin injiniya, kuma a kanta ya ƙarar da su. Ya sake mata fenti, ya gyara kujeru, sannan ya cire sifirin ɗinta na asali ya sa mata gajeru, don ta yi ƙasa ta kwanta irin waɗanda ya gani a can. A kan kwalta ta yi kyau. Da ya sauka kan hanyar ƙauyensu na asali, Gidan Marke, wadda amalanken shanu suka ƙwaƙule gefe da gefe suka bar doro a tsakiya, sai cikinta ya hau doron, ta tsaya cak.

"Sannu, Malam. Gajiya ta yi ta zauna?"

Ya leƙo. Budurwa ce, ɗauke da abinci za ta gona, tana danne dariya da bakin mayafi.

"Salansa ce ta kama ƙasa," in ji shi.

"Da can ba ta kamawa. Na san motar nan, ta Alhaji Yahya ce."

"Ni ɗansa ne."

"Allah ya jiƙansa. To me ka yi mata?"

Ta ajiye kwanon, ta kira masu aikin gonar babanta, mutum biyar suka ɗaga motar daga doron. Kafin ta wuce ya tambayi sunanta. Aina'u, 'yar Malam Khalilu, mai koyarwa a Islamiyyar ƙauyen.

Daga nan ya fara zuwa zance bayan la'asar. A bakin kwalta yake barin motar, ya taka kilomita biyu a ƙasa. Shi ba mai yawan magana ba ne, ita ce mai tsokana. In ya koma gida sai saƙonta ya biyo shi:

"Injiniyana, ka isa lafiya? Ka gaishe mini da kasalalliyar motarka. Ka ce mata na fi ta juriya."

Ya rubuta mata: "Na isa, 'yar Malam. Shekara biyar na yi a waje ban yi kewar kowa ba. Yau daga ƙofarku zuwa kwalta na yi kewarki."

Ta mayar masa: "Ashe kana da baki. Ka riƙa amfani da shi."

Da baffansa ya je neman izini, Malam Khalilu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi a turo masa yaron.

A zaure Uwaisu ya sami Malam yana gyaran ƙotar fartanya. Bai ɗago ba.

"Ka san mata nawa motar nan ta kai asibitin Kunci? Da rani, da damina. Uwar Aina'u a kujerar baya aka kwantar da ita ranar da za ta haife ta. Mahaifinka bai taɓa cewa ya gaji ba. Kai ka zo ka same ta da amfani, ka cire amfanin ka sa mata ado. Yau ko ƙofar gidana ba ta iya zuwa. Mai irin wannan tunani, ina tsoron ba shi 'yata."

"Baba, zan mayar da ita yadda take."

"Ka mayar, ka kawo mini ita in gani. Amma ka sani, Abdulkabir ma ya turo. Bayan girbi zan ba da amsa."

Abdulkabir mai sayar da taki ne a Kunci. Yana da mota mai buɗaɗɗen baya, doguwa, wadda ba ruwanta da doro, kuma ba wanda ya taɓa jin wani mugun abu a kansa.

Uwaisu ya tafi neman tsofaffin sifirin ɗin. Tun ranar da ya cire su ya ba maƙerin ƙauyen kyauta. Maƙerin ya nuna masa laujuna shida a rataye, ya ce ƙarfe ne mai kyau, Allah ya saka da alheri.

Ya shiga Kano ya samo na hannu. Ya ɗaura, ya yi mako yana yawo da motar a kwalta don su zauna. Sannan ya kai ta kan simintin gidan mai a Kunci, inda ƙasa take a miƙe. Ya daidaita iskar tayoyi, ya tura ta gaba ya tura ta baya, ya ja tef ɗin awo daga tsakiyar kowace taya zuwa leɓen bodi, ya rubuta. Ta tashi da santimita huɗu. Ya sake aunawa sau uku, lissafin bai canza ba.

"Ta tashi, 'yar Malam," ya rubuta. "Gobe za ki gan ta a ƙofar gidanku."

Motar ta zo ɗin, a hankali, tana shafar doro amma ba ta tsaya ba. Malam Khalilu ya zagaya ta sau ɗaya. Uwaisu ya miƙa masa takardar awo, ya ƙi karɓa. Ya sa aka fito da buhun gero biyu aka zuba a but ɗin motar, ya kira maƙwabta uku suka shiga baya. Sai ya ɗauko kwanon awo, ya durƙusa, ya tura shi ta ƙarƙashin motar da sanda.

Kwanon ya tafi, ya tafi, ya buga salansa, ya tsaya.

"Haka mahaifinka yake gwada ta duk farkon damina," in ji Malam Khalilu yana kaɗe gwiwa. "In kwano ya wuce, ta iya hanya. Kai babu kowa a ciki ka auna ta ko? Ka taɓa ganin mara lafiya ya tafi asibiti shi kaɗai?"

Maƙwabtan suka fito suna kallon ƙasa. A bayan ƙyauren gida Uwaisu ya hango gefen mayafi, sai ya ɓace.

Ya sake komawa Kano, ya samo wasu. Waɗannan sun fi na farko gajiya, har motar ta karkace hagu. Ya mayar da na farkon. Sababbi kuwa an ce sai an yi oda, wata uku ko huɗu. Gero ya riga ya nuna a gona.

A wannan makon wani mai tara tsofaffin motoci ya zo daga birni ya duba Fijon, ya ɗauki hotuna. Kafin magariba labari ya kai Gidan Marke. Sai ga saƙon Aina'u:

"An ce ka sa motar a kasuwa za ka koma inda ka fito. In gaskiya ne, kada ka zo yi mini sallama."

Bai iya ƙarya ba.

"Na yi tunanin haka. Ban sayar ba."

Kwana tara ba ta amsa ba. Ya je ƙofar gida, aka ce tana aiki.

Ran na goma ya ɗauki tef ya bi hanyar a ƙasa, daga kwalta har ƙauye. Ya riga ya san tazarar da ke tsakanin cikin motar da ƙasa in an loda mata kaya. Duk inda doro ya fi wannan tsayi, ya kafa kara. Da ya isa ƙarshe ya waiwaya ya ƙirga: wuri goma sha bakwai.

Ya ari diga da shebur da baro. Kullum bayan sallar asuba yana kan hanya, yana sare doro, yana ɗebo marmara daga wani tsohon rami yana cike sawun amalanke. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya taya shi. Masu tafiya gona suna cewa, "Sannu da aiki, injiniyan Indiya! Gwamnati ce ta ba ka kwangila?" Hannunsa ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta.

Abdulkabir ya tsaya da motarsa wata safiya, ya sauke gilashi.

"Ɗan'uwa, wahalar nan ta yi yawa. In ɗaura wa Fijon igiya in riƙa ja maka ita mana."

"Na gode. Ka bi ta gefe, wurin bai zauna ba."

Girbi ya kankama. Amalanke suna wucewa shaƙe da dammunan gero, suna tone abin da ya cike jiya. Ya gyara gaba, baya ya lalace. A kwana na ashirin, wuri goma sha ɗaya ya gama, uku daga ciki sun riga sun koma yadda suke. Ranar ce kuma baffansa ya gaya masa cewa magabatan Abdulkabir za su zo ranar Juma'a jin amsa.

Laraba da hantsi Aina'u ta zo wucewa da abincin gona. Ta tsaya. Ta kalli hannunsa, ta kawar da kai.

"Ba za ka gama kafin Juma'a ba."

"Na sani."

"Kuma ba hanya Baba ya ce ka gyara ba."

"Na sani."

"To me kake yi wa kanka haka?"

"Ban san wani abin da zan yi ba, Aina'u."

Sai ta ce, "In Baba ya ba ni Abdulkabir, zan tafi, ba zan yi masa gardama ba. Amma na ce wa Inna ta gaya masa wanda nake so. Iyakar abin da ke hannuna ke nan." Ta zuba masa ruwa a murfin kwano, ya sha, ta tafi ba ta waiwaya ba.

Alhamis Malam Khalilu ya zo a kan amalanke, ya ja igiyar shanu ya tsaya a daidai inda Uwaisu yake. Ya sauko, ya taka marmarar da ƙafa, ta watse.

"Damina za ta cinye aikin nan."

"Haka ne, Baba."

"To?"

"Sai in sake."

"Kowace shekara?"

"In ina raye."

"A nan ɗin za ka zauna?"

"A nan."

Dattijon ya dube shi har Uwaisu ya sunkuyar da kai.

"Ba a zuba marmara a busasshiyar ƙasa. Ruwa ake yayyafawa tukuna, a daddaka. Duk wannan da ka yi, aikin banza ne."

Ya hau amalankensa ya wuce. Uwaisu ya zauna a kan baro. Bai sake ɗaga diga ba ranar. Ya mayar wa masu kaya kayansu, ya koma gida ya kwanta.

Bayan la'asar wayarsa ta yi ƙara.

"Injiniyana. Baba ya aika gidan su Abdulkabir ya ba su haƙuri. Ya ce wai ko cikon hanya ba ka iya ba, in ba a tsaya a kanka ba za ka lalata wa mutane hanya. Ya ce Baffa ya zo gobe. Ni kuma ina kuka, kada ka kira ni yanzu."

Ya karanta sau huɗu. Sai ya rubuta: "To yaushe zan kira?"

"Yanzu."

An ɗaura aure bayan an gama sussuka, ranar Asabar, a ƙofar gidan Malam Khalilu. Abdulkabir ya zo, ya ba ango hannu, bai tsaya cin abinci ba.

Da yamma, da za a fita da amarya, aka kai ta gaban mahaifinta tana lulluɓe tana sheshsheƙa, aka kira ango ya durƙusa a gefe. Malam Khalilu ya dafa kanta.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa ku amfani juna, ku amfani mutane."

Mata suka amsa da amin, wata ta rangaɗa guɗa. Ya juya ga Uwaisu.

"Kai kuma na ba ka kwana bakwai. Ran na takwas ka fito da baro, ni zan kawo ruwa."