Marar Tsawo

"Ka maimaita abin da ka ce."

Rufaida na tsaye bakin zauren gidansu a Tasawa, ta damƙe wani ɗan ƙarfe a tafin hannunta har gefensa ya fara cin namanta. Rayyanu na zaune kan motonsa, ko sauka bai samu yi ba tunda ya iso daga Mayahi.

"Cewa na yi kakana ya rasu da magana guda a bakinsa, wai abinsa na Tasawa, gidan Na Allah. Mi ya yi zafi a nan, sanyin idona?"

"Ashe gaskiyar Lamine ce..."

"Wane Lamine? Ɗan gwaggonki mai turaren da ke riga shi sallama?"

"Kar ka yi mini wasa, Rayyanu."

Ya yi ɗan murmushin nan nasa na gefen baki.

"Ji yadda kike jeho sunan nan kamar na ƙanenki. Ki ci lokacinki. Ranar da aka ɗaura mana aure, ko da bulala ba ki ƙara faɗin shi."

Kullum in ya faɗi haka sai ta rufe fuska da mayafi tana dariya.

Yau ba ta yi ba.

Abin ya samo asali ne daga wani akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadon babanta, Alhaji Halilu. Na mahaifinsa ne, Na Allah, wanda Faransawa suka ɗauka soja suka kai yaƙin Indoshin. Ya rasu tun ba a haifi Rufaida ba, kuma duk wanda ta tambaya labarinsa sai ya ce mutumin kirki ne, shi ke nan. Ita kuwa malamar lakwal ce, makarantar boko, ba ta iya barin tambaya a rataye. Da ta matsa, baban ya miƙa mata makulli.

Ta tarar da jar hula da asu ya ci, da takardar sallamarsa daga soja, da wasu wasiƙu na ajami waɗanda babu kome cikinsu sai gaisuwa da tambayar ko an yi ruwa, ko goɗiyar gida ta haihu. Akwai ƙarfen wuya mai lamba, irin wanda kowane soja ke ratayawa don a gane shi in ya faɗi. Sai wani hoto da ya kusa shafewa, sojoji biyu, dogo ya dafa kafaɗar ɗan duƙus.

A lokacin Mayahi aka kai ta koyarwa, don haka can ta kai hoton gyara, shagon wani saurayi kusa da tasha. Ya sa shi a na'ura, ya faɗaɗa, sai ya ƙura masa ido har ta zaci abin ne ya lalace.

"Madam, wannan dogon wane ne naki?"

"Kakana."

"To wannan na hagu nawa ne. Gajere ake ce mishi. Muna da irin hoton nan a gida, amma namu an yage rabinsa."

Haka ta san Rayyanu.

Tare suka riƙa yawon neman labari. Ya goya ta a moto zuwa Kanan-Bakashe wajen wani tsoho da aka ce ya san sojojin da. Tsohon ya sha shayinsu, ya ba su labarin farin da aka yi, bai tuna kowane soja ba. Suka dawo suna dariya har moton na tangaɗi. Ba su samu tarihin kirki ba, amma kafin gero ya yi bunni Rufaida ta gane ba don kakanni take ɗokin ranar hutu ba.

Ranar da ta faɗa wa babanta, cokalin hannunsa ya aje.

"Jikan Gajere? Mutumin da ya tsaya tsakiyar kasuwa ya kira ubana ɓarawo? Ba da bakina ba, Rufaida."

"Baba, mi ya ce an sace mishi?"

"Ina goye lokacin. Abin da na tashi na ji ke nan, kuma ya ishe ni."

Gwaggo Shatu, ƙanwar baban, ta zo takanas daga Bawdeta inda take riƙon tsohuwarsu, Kaka Zara'u. Ta daɗe tana yi wa ɗanta Lamine kwaɗayin Rufaida, kowa ya sani.

"Ɗiyata, ki dubi Inna mana. Tunda nike ban taɓa jin sunan mutumin nan a bakinta ba. Ko tabarya ce gajera, sai ta ce marar tsawo. Kin taɓa ganin ƙiyayya irin wagga?"

Gaskiya ne. Rufaida ta tashi tana jin Kaka na cewa wando marar tsawo, hanya marar tsawo, har jikoki na kwaikwayonta a ɓoye.

"Bari in je in tambaye ta da kaina."

"Da hawan jinin nata? Ki kashe mini uwa saboda saurayi?"

Lamine ne ya ƙarasa aikin. Ya zo ya jera takardar sallamar da ƙarfen wuyan a kan tabarma, ya nuna mata da yatsa.

"Dubi lambar, ƙanwata. Ba ɗaya ba ce. Ƙarfen nan ba na kakanmu ba ne, na Gajere ne. Shi yaron nan ke bi. Ranar da ya shiga hannunsa, duk Mayahi sai ta ji an kama kayan sata a gidanku. In kina musu, tambaye shi ko kakansa bai bar wasiyyar wani abu da ke nan ba."

Shi ne ta tambaya, a bakin zaure, shi kuma ya amsa da zuciya ɗaya.

"Don wannan ƙarfen na kakanka ka bi ni?" Ta buɗe hannunta. "Duk yawon nan, duk daɗin bakin nan..."

Sai yanzu murmushin ya bar fuskarsa.

"Rufaida, ni ban ma san nasa ne ba sai yanzu da kike faɗi."

"Ƙarya gado ce a gidanku. Kakanka ya yi wa nawa, kai kuma ka zo ka yi mini."

Tana rufe baki ta so a ce iska ta kwashe maganar. Ya daɗe yana kallon tankin motonsa.

"Ki aje ƙarfenki, abar ƙaunata. Ni ke na zo nema."

Ya tada moto a hankali, ya tafi.

Ya yi ta kira, ba ta ɗauka ba, daga baya ta toshe lambar. Ta nemi a maido ta Tasawa da aiki, aka maido ta. Da damina ta kewayo ya zo sau ɗaya, ya tsaya a zaure ruwa na zuba, ta aika a ce ba ta nan. Tana bayan taga tana kallon yadda rigarsa ta manne da bayansa lokacin da ya juya. Lamine ma bai ci riba ba, don ranar da ya zo da maganarsa ta ce masa ita ɗan'uwa ta ɗauke shi, haka kuma zai zauna.

Sai da aka yi girbi ta je Bawdeta gaida Kaka. Ta yi sa'a Gwaggo Shatu ta tafi suna ƙauye. Tsohuwar na zaune gindin murhu, ta hana kowa tuƙa mata tuwo, wai na ƴan zamani gudaji ne.

"Ke kishiya, miƙo mini muciyar can. Ba wannan ba, marar tsawon."

Rufaida ta miƙa mata, abin da ke cin ta ya kuɓuce.

"Kaka, ƙiyayyar taki har muciya ta shafa? Mutum ya mutu, ƙasa ta cinye shi, har yau kin kasa faɗin sunansa."

Hannun tsohuwar ya tsaya cikin tukunya.

"Wa ya ce miki ƙiyayya ce?"

"Kowa ya sani."

"Kowa bai da hankali. Maƙiyi ai da sunansa ake zagi nai. Kin taɓa jin na kira sunan kakanki?"

"A'a, Malam kike cewa. Amma shi ai mijinki ne..."

Rufaida ba ta ƙarasa ba. Ta zauna a ƙasa.

Kaka ta sauke tukunyar, ta goge hannu da bakin zane.

"Marar tsawon nan shi ne mijina na fari. Ko damina guda ba mu yi ba aka kwashe su, shi da amininsa Malam. Malam ya dawo shi kaɗai, ya durƙusa gaban ubana ya aje ƙarfen nan. Ya ce a bakin wani kogi ya ga ya faɗi, jini ko'ina, shi ya cire mishi da hannunsa. Na yi takaba. Daga baya Malam ya neme ni, ya kai ni Tasawa inda ba wanda ya san na taɓa aure."

"Ashe bai mutu ba..."

"Kama shi aka yi. Wata rana ina daka, ubanki na goye, na ji sallama. Na leƙa, sai ga shi tsaye da ransa. Ya rame kamar kara. Ya dube ni, ya dubi ɗan da ke bayana, ya ce a gafarce shi, ɓatan hanya ya yi. Washegari ya haɗu da Malam a kasuwa, zuciya ta ci shi ya faɗi abin da ya faɗi. Malamai suka ce aure na biyu ya zauna. Bai ƙara taka Tasawa ba."

"Kaka, shi Malam... da gaske ya zaci ya mutu?"

"Sau ɗaya na tambaye shi, ya yi kuka. Ban ƙara ba. Ya riƙe ni da mutunci har ya koma ga Allah. Amma wancan bai taɓa cewa ya sake ni ba da bakinsa, to ni da wane baki zan kama sunansa?"

"Mi ya sa ba ki taɓa faɗi ba?"

"Uwa ta zaunar da ɗiyanta ta ce musu ga mijina na fari? Kuma wa ya tambaye ni?"

Hawaye suka ɓalle wa Rufaida. Cikin shessheƙa ta ba ta labarin duka, tun daga hoton har zuwa maganar da ta yaɓa masa a bakin zaure, da wasiyyar tsohon cewa abinsa na Tasawa.

Kaka ta juya fuska wajen danga.

"Haka ya ce? Har ya mutu?"

"Haka jikansa ya faɗa mini."

"Shatu ta kyauta." Ta share ido da bayan hannu. "Tashi, kishiya. Ubanki ki bar ni da shi, ni na haife shi. Ki tahi tun ƙafarki na iya kai ki."

Da safe ta koma Tasawa ta ɗauki ƙarfen da hoton. Ta buɗe lambarsa ta kira, aka ce ba ta aiki. Ta shiga motar Mayahi tana ta shirya kalmomi a ranta, tana rushewa. Za ta ce ya yafe mata. A'a, za ta fara da labarin muciya, ya yi dariya tukun.

Shagon a rufe yake. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya gane ta, ya gaishe ta da fara'a, amma ya ƙi haɗa ido da ita.

"Ya tashi daga gidan babansa, Madam. Ki bi bayan masallaci, gida mai sabon yaɓe."

Ta yi sallama. Wata yarinya ta fito, kyakkyawa, mai sanyin fuska, lallen hannunta ko dushewa bai fara ba.

"Maraba, Yaya. Shigo daga ciki."

"A'a, sauri nike. Nan ne gidan Rayyanu?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta ja bakin mayafi ta rufe murmushinta.

"Nan ne gidan... shi. Ya je kasuwa, yanzu zai dawo."

Rufaida ta dafa bango.

Ba ta bukatar ƙarin bayani.

"Yaya, lafiya? In kawo miki ruwa?"

"Lafiya lau. Rana ce." Ta ciro ƙullin daga jakarta. "Ki ba shi wannan. Hoton cikakke ne, ya haɗa da nasu. Ƙarfen kuma na kakansa ne. Ki ce ba shi tsohon ke nema ba, amma shi kaɗai ke ɗaukuwa. Ki ce kakansa bai yi ƙarya ba... shi ma haka."

"In ce inji wa?"

Daga nesa ta jiyo ƙarar moto, irin wadda ko cikin dubu tana ganewa.

"Ki ce wata ce ta yi ɓatan hanya. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Ta bi ta wani lungu dabam, ba ta waiwaya ba.

Bawdeta ta wuce kai tsaye. La'asar ta yi sanyi, Kaka na kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Kallo ɗaya ta yi mata.

"Kin same shi?"

"Matarsa na samu."

Tsohuwar ta ci gaba da ɓara, ɓawon na zuba a cinyarta.

"Tana da kirki?"

"Ƙwarai."

"To madalla." Can ta ɗago. "Kaina ya tsufa. Mi ma kika ce sunan yaron?"

Rufaida ta buɗe baki. Sunan da ta saba jefawa kamar na ƙanenta ya zo har kan harshenta, ya tsaya.

"Wani ne... mai gyaran hoto."

Kaka ba ta ƙara tambaya ba. Ta matsa gefe ta ba ta wuri a tabarmar, ta tura mata ƙwaryar gyaɗar tsakaninsu.